Mun Shimfiɗa Katakon, Abban Sadiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Abban Sadiya.

Bayan gaisuwa ta girmamawa daga iyalinka, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwancinka. Mu muna nan lafiya. Sadiya ta yi tsawo, ta kusa kamo kafaɗata. Hausarta kuwa tana nan yadda ka bar ta, in na yi mata magana ta amsa min da Turanci. Na fita takaba tuntuni. Kayanmu suna cikin kwalaye a falo, saura 'yan kwanaki mu tashi zuwa Zariya.

Na san ba kai za ka karanta ba, masu bin shafina ne za su karanta. Amma da kai nake, su sai dai su leƙa. Akwai maganar da ta tsaya min a wuya tun kana raye, kuma ba na so in hau jirgi da ita. Maganar karaban ce.

Ka yi haƙuri in ɗan yi wa masu leƙen bayani, tunda ni ma kafin ka jajibo shi ban san da irinsa a duniya ba. Karaban ɗaki ne ƙarami mai taya, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Da gado a ciki, da wurin girki, da 'yan tagogi. Turawa ne ke yawon hutu da shi. Naka tsoho ne tukuf, ya girme ka, ya girme ni.

Ka tuna farkon korona, lokacin da aka rufe gari aka ce kowa ya zauna a gida. Muna can sama a benenmu na Bukit Jalil, in mutum ya leƙa ta baranda titi fayau, sai masu kai abinci a babur. Jami'a ta mayar da darasi kan kwamfuta. Ka mayar da teburin cin abinci ofis, riga mai kyau a sama, wandon barci a ƙasa, kana ta bayani ɗalibai sun kashe kyamara. In ka gama sai ka hau kai da kawowa daga ƙofa zuwa baranda kamar wanda aka ɗaure.

Ni kuwa, Allah ya sani, ban ƙi kullen nan ba. Tunda aka yi aurenmu ban taɓa samunka haka ba. Da can karatu, bayan karatu koyarwa, bayan koyarwa taro. Sai ga ka a gida safe da yamma, kana yanka min albasa, kana jan mu sallah, kana buga ludo da Sadiya kana yi mata maguɗi. Mutane suna kuka da zaman gida, ni ina godiya a ɓoye. Na ɗauka kai ma haka.

Da aka sassauta dokar sai ga Danladi, abokinka ɗan Bukuru, injiniya a wani kamfani. A kedai kuka haɗu, shagon nan na bakin layinmu, ya ji kana waya da Hausa ya tsaya. Shi Kirista kai Musulmi, amma har tambaya ake ko 'yan gida ɗaya ne ku. Shi ya ga karaban ɗin a bayan wani gareji a Sentul, wajen wani tsoho Ba'indiye da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Wai wani Bature ne ya bar masa ajiya tun zamanin da, bai dawo ba.

Ranar da kuka je ganinsa, tun daga lif nake jiyo dariyarka. Ka cire takunkumi, ko hannu ba ka wanke ba ka miƙo min waya. Abu kamar gwangwanin kifi, koren fentinsa ya koɗe, tayoyin sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashi. Hoto na gaba kai ne a ciki, ƙafarka ɗaya ta burma cikin katakon ƙasa har gwiwa, kana riƙe da ƙofa, bakinka a buɗe.

Ka ce min jikin lafiyarsa ƙalau, ƙasan ne ya mutu, kuma ƙasa ana iya sakewa. Na tambaye ka ina za mu ajiye shi, mu da ko wurin ajiye motarmu na haya ne. Ka ce tsohon ya yarda ya ci gaba da zama a wurinsa. Na ce to a yi me da shi? Ka ce in an buɗe hanya za mu ja shi bakin teku. Ni dai fuskarka nake kallo. Wata da watanni muna ɗaki ɗaya ban ga wannan dariyar ba, sai yau da ka faɗa cikin ruɓaɓɓen katako a gaban wani ƙato.

Daga nan Asabar ta fita daga hannuna. Sannan Lahadi in Danladi ya taso daga coci. Sannan duk yammar da ba ka da darasi.

Ban taɓa taka wurin ba, amma na san aikin kamar da ni aka yi, don shi ne hirar cin abincinmu. Kun ɗaga jikin da jak, kun tallafe shi da bulo da gungume, kun janye ƙasan. Kun ɓamɓare tsohon katakon, wanda ruwa ya riƙa shiga ta gefen taga har ya mayar da shi kamar jiƙaƙƙen burodi. A ƙarƙashinsa sai shasi, ƙarfen nan da komai ke zaune a kansa, tsatsa ta ci rabonta. Wani wurin in kun buga guduma ya amsa, wani wurin ya zube kamar gari. Kuka bi shi da giranda kuna kankarewa, inda ya mutu ku yanke ku yi waldar sabo. Notin da ya ƙi kwancewa ku jiƙa shi da mai ku bar shi ya kwana.

Kowace magana kuma da sunansa take farawa. Danladi ya ce ƙarfen tsakiya zai yi, na gefe ne sai an sake. Danladi ya ce jan fenti tukuna, mai hana tsatsa, sannan baƙi. Har Sadiya ta koya, in na ce ta je ta yi wanka sai ta ce bari ta ji abin da Ankul Danladi ya ce. Kai ka yi dariya. Ni ban yi ba.

Akwai wata Asabar da ba na jin ka riƙe ta, ni kuwa na riƙe. Kukar da Hajiya mahaifiyarka ta ƙullo mana daga gida ta kusa ƙarewa, ga shi ba mai zuwa ba mai tafiya. Na juye ragowar na yi maka miya da man shanu, na tuƙa tuwon shinkafa, na yi wanka na zauna. Ka shigo bayan magariba da leda a hannu. Kun tsaya a mamak, gidan abincin Indiyawan nan, kai da Danladi kun ci gurasar roti, har ka yo mana tapau, ƙunshin namu. Da ka ga kwanukan sai ka zauna ka yi loma uku don kunya, kana yabawa, baƙin fenti a ƙarƙashin farcenka. Washegari na ɗumama miyar na ci ni kaɗai.

Hannunka da na sani mai laushi, na mai riƙe biro, ya cika da tabon tartsatsi. Ni nake shafa masa mai. Ranar da hasken walda ya shiga idonka suka yi ja suna ta ruwa, ni na zauna ina ɗora maka tsumma mai sanyi, kana kwance kana ba ni labarin yadda Danladi ya zame a kan mai ya zauna daɓas cikin bokitin ruwa. Shi ke samun dariyar, ni ake kawo wa jinya.

Sau ɗaya na ce ka tafi da ni. Ka ce ba wurin zama, ba inuwa, ga tartsatsi, ga maza. Gaskiya ka faɗa. Ban sake tambaya ba.

Ban taɓa ce maka kishi nake ba. Da mace ce da na san sunan abin, da ƙawayena sun taya ni. Amma wa zan kira in ce ina kishin tsohon ƙarfe da wani magidanci mai 'ya'ya uku? Yayata da na ɗan tsegunta mata a waya cewa ta yi in gode wa Allah, mazan wasu a kullen nan sun zame wa matansu masifa. Na gode wa Allah ɗin. Kishin bai je ko'ina ba.

A shekara ta biyu kuka gama shasin. Kuka sayi filawud mai kauri, irin wanda ruwa ba ya saurin ci, kuka auna kuka yanka. Saura shimfiɗawa aka sake rufe gari, rufewar da ta fi ta farko tsanani. Ka dawo gida ka zauna, kana duba hotunan shasin a waya kamar mai duba hoton jariri. Ban ɓoye maka ba yanzu, daɗi na ji. Sai zazzaɓi ya kama ka.

Da ƙafarka ka shiga lif, da 'yar jakarka, ka ce kada mu fito. Mu aka ɗaura mana abin hannu ruwan hoda, alamar an killace mu, ko bakin ƙofa ba mu da izinin wucewa.

Kiran ƙarshe da ka yi min na bidiyo ne, kuma gajere. Robar iska a fuskarka, magana tana fita da ƙyar. Ka ce in yi haƙuri, in riƙe Sadiya, in yafe maka. Na ce ka daina irin wannan maganar, ka huta. Ni na ce ka huta. Ni na kashe wayar, don kada ɗan numfashin da ya rage maka ya ƙare a kaina.

Ban ga gawarka ba. Ma'aikata cikin fararen kayan nan ne suka yi maka sutura. An yarda mutum kaɗan su tsaya daga nesa, sai mutanenmu biyu daga masallaci suka je suka yi maka sallah. Danladi ne ya kai su a motarsa, ya tsaya a bayansu har aka gama. Shi ya ga inda aka sa ka. Ni ina baranda da abin hannuna ina kallon titi.

Matarsa Rifkatu ba ta bar mu da yunwa ba. Kullum sai ta rataye mana abinci a hannun ƙofa, ta buga, ta ja baya, ta kira ni a waya daga bakin lif. Mutuniyar kirki ce, kai ma ka sani. Wata rana muna magana, tana ba ni haƙuri, sai na jiyo muryar Danladi daga bayanta yana tambayar ina ta ajiye makullin mota. Ta ce masa yana aljihunsa. Shi ke nan fa, ba wani abu. Na ajiye wayar na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Sadiya ta ji ni. Abincin Rifkatu nake ci, ina kishinta don mijinta ya ɓatar da makulli.

Ina cikin takaba Danladi ya karɓi wayar daga hannunta don ya gaishe ni. Ya yi ta'aziyya, sai ya ce akwai abin da yake ganin zai sanyaya min rai. Wai ranar nan ta ƙarshe ka kira shi, bayan ka kira ni. Wai hankalinka ƙalau har ƙarshe. Ka ce masa kada ya kuskura ya ɗora katakon nan bai shafe gefunansa da fenti ba, don ta gefe ruwa ke shiga, ta nan na farko ya ruɓe. Ka maimaita masa har sai da ya ce ya ji. Kun daɗe, in ji shi, har ma'aikaciya ta zo ta ce ka ajiye.

Na ce masa na gode. Na kashe.

Abban Sadiya, numfashin da na tattala maka, wanda na hana kaina don in bar maka, shi ka ɗauka ka kai wa Danladi a kan gefen katako. Na yi kwanaki in na ɗaga hannu zan yi maka addu'a sai wannan ya tare ni. Ina yin addu'ar, amma da fushi a cikinta. Ban san ana iya fushi da mamaci haka ba sai a kanka.

Da na fita takaba gari ya fara buɗewa. Na shirya na ce zan je Sentul in gaya wa Danladi ya kira masu sayen ƙarfe su kwashe abin, in huta da jin sunansa. Muka hau jirgin ƙasa ni da Sadiya daga tasharmu, muka ratsa tsakiyar gari, muka wuce Titiwangsa. Duk hanyar ina tsara maganar da zan faɗa. Ita kuwa ta manna fuska a gilashi tana cewa ashe nan Abba yake bi.

Rifkatu ce ta tare mu a bakin garejin, ta kai mu baya. Jikin karaban ɗin yana sama a kan bulo, an lulluɓe shi da tampol. A gabansa shasin, baƙi wuluk, yana zaune a kan sababbin tayoyi. Ban zata zai yi kyau ba. Katakon yana jingine da bango an rufe shi da leda, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Danladi ya rame. Ya gaishe ni daga nesa, hannu a ƙirji, ya ce, "Maman Sadiya, yadda ya bar shi haka yake. Ina zuwa, amma sai in zauna in tashi. Na kasa."

Ya zagaya da ni yana nuna min waldarka. Ta farkon duk ƙulu-ƙulu, ta ƙarshen kuwa a jere kamar ɗinkin keke. Na sa yatsa na bi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Maganar da na tsara a jirgi ta ɓace. Abin da ya fito daga bakina shi ne, wai me kuke cewa duk ranakun nan?

Ya ce ba wani abu, yawanci shiru ne da ƙarar inji. Amma kana waƙa in kana fenti, tsofaffin waƙoƙin rediyo, da murya marar daɗi. Sannan ya ce ai walda ba baƙuwarka ba ce, hannu ne ya manta. Ya ga ban gane ba, sai ya yi turus. Ni na matsa masa. Ashe a shekararka ta farko a jami'a ka faɗi jarrabawa, ka ji kunyar komawa gida, ka yi shekara guda a rumfar wani mai walda a Sabon Gari kafin ka sake neman gurbi. Ka ce masa ba ka taɓa barci mai daɗi irin na wannan shekarar ba.

Ni da na san yawan sukarin shayinka, na san tarin da kake yi kafin ka yi ƙarya, na wanke maka kaya tun kana ɗalibi. Ban taɓa jin wannan ba. A bakin ɗan Bukuru na ji shi, a bayan gareji, a ƙasar mutane. Na juya na fuskanci bango.

Rifkatu ta zo ta tsaya kusa da ni. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni, sai ta ce, "Ni ma fa na sha fama. Sau nawa na ce masa ya kwashe kayansa ya koma gidan Dakta, tunda Dakta ya ce, Dakta ya ce, ba abin da nake ji a gidana sai wannan." Kai ne Daktan. Dariya ta ƙwace min cikin kuka, ita ma haka. Ashe duk Asabar ɗin da nake zaune a Bukit Jalil ina cika ina batsewa, akwai wata a wancan gefen gari tana irin nawa zaman. Sai dai nata ya dawo gida.

Ban ambaci masu sayen ƙarfe ba. Na share fuska na tambayi Danladi ina fentin da aka ce a shafa wa gefen.

Ranar muka fara. Ni da Rifkatu muka ɗaura zani a kan kayanmu, muka jera katakon a kan bulo, muka bi gefunan da buroshi, shafi ɗaya, a bari ya bushe, a sake. Ina shafawa ina yi maka faɗa a zuciyata. Ga gefen naka nan, ina ce maka, ga shi na shafe, sai ka kwanta.

Muka riƙa zuwa duk Asabar. Danladi ya shimfiɗa wata roba a kan ƙarfen don kada katako ya zauna kansa kai tsaye, sannan muka ɗora ɗaya bayan ɗaya. Shi ke huda, ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure noti, ni ina sama na riƙe kan ƙusar da sifana don kada ta juya. Ranar farko hannuna ya yi bororo. Na dawo gida na ɗauko man da nake shafa maka, na shafa wa kaina.

Katakon baya ya ƙi shiga, ya fi wurin tsawo da kamar yatsa ɗaya. Danladi ya auna ya sake aunawa, yana mamaki, ya ce kai ka auna wannan da kanka, kuma bai taɓa ganin ka yi kuskuren awo ba. Na tuna katakon da ka kafa min a kicin, wanda har yau in na ɗora kwalba sai ta gangara. Na tuna labulen ɗakinmu na farko a Samaru da ka auno, ya tsaya a rabin taga. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na fasa. Na bar shi ya ɗauko zarto ya rage. Wannan nawa ne, bai sani ba, kuma ban ga dalilin da zai sani ba.

Ranar da aka sauke jikin a kan sabon ƙasan, tsohon Ba'indiyen ya fito da kujerarsa ya zauna kallo. Ma'aikatan garejin suka taimaka, ana sassauta jak kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har ya zauna daram. Danladi ya buɗe ƙofar ya ja baya. Na cire takalmi na shiga. Ƙamshin sabon katako da fenti. Na taka ko'ina, har daidai bakin ƙofar inda ƙafarka ta burma, ko motsi bai yi ba. Sadiya ta shigo ta yi tsalle da ƙarfinta, ta ce, "Boleh lah, Mama," wato ya yi.

La'asar ta yi muna wurin. Na yi alwala a famfon garejin, na ce a ciki zan yi sallah. Na ɗauko waya zan nemi alƙibla, sai Danladi ya nuna min kusurwar tagar hagu, ya ce nan kake fuskanta, a kan kwali, shi yana kashe giranda har ka idar. Har alƙiblarka a wurin nan shi ya sani. Na shimfiɗa mayafina na yi sallata. Na daɗe a sujada. A nan ne na fara yi maka addu'a ba da fushi ba.

Takardar zamanmu a kan taka take, kuma lokacin da aka ƙara mana ya ƙare. Danladi ya ce in ina so zai nemi mai saye, ko ya bincika yadda ake saka shi a jirgin ruwa. Na ce ya riƙe. Saura gado da wurin girki da wayar wuta, shi zai ƙarasa. In ya gama su za su ja shi bakin teku, Rifkatu ta yi girki a ciki, 'ya'yansu su kwanta a kan katakon da na riƙe wa sifana. Da bakina na ce na ba su, kuma da zuciya ɗaya. Amma na roƙi Rifkatu kada ta turo min hoto. Ta ce ta gane.

Jiya muka je yi maka sallama. Danladi ne a gaba, don ni har yanzu layukan maƙabartar rikita ni suke. Ya kai mu ya koma gindin bishiya ya tsaya. Na tarar da wurinka a share, ba ciyawa ko ɗaya, alhali na kusa da kai duk sun rufe. Ban tambayi wa ke zuwa ba.

Da za mu tafi ya ce in kwantar da hankalina, muddin yana ƙasar nan ba za a rasa mai leƙo ka ba. Na yi masa godiya, kuma har zuciyata. Allah ya saka masa, ya raya masa zuri'a, ban ga amini irinsa ba. Amma ka duba min wannan rabon, Abban Sadiya. Ni matarka, uwar 'yarka, zan koma inda sai an kwana a jirgin sama kafin a zo gare ka, kuma ban san ranar da zan iya dawowa ba. Shi kuwa in ya ga dama da yamma sai ya tada mota.

Ba zan ce maka kishin ya tafi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Ya dai daina ciwo irin na da. Yanzu in ya taso nakan gane cewa kai nake so in ƙara samu, ko da kaɗan, kuma duk wanda ya samu wani abu naka da ban samu ba sai na harare shi. Na yafe maka kiran nan. Na yafe maka tuwon. Kai ma ka yafe min kashe wayar da na yi, da na sani da na bar ka ka yi ta magana, ko ta katako ce.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinka a ƙasar da ba taka ba, ya sa maƙwabtanka na can mutanen kirki ne. Allah ya raya mana Sadiya, ya ba ni ikon riƙe ta yadda ka ce. Allah ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa. In ya haɗa mu, ka sani tun yanzu, ni zan fara zama da kai, kuma sai na gaji da hira kafin kowa ya samu wuri.

Taka har kullum,
Maman Sadiya,
Bukit Jalil.